Bazara da Rigar Sanyi

Na yi kamar mako uku a Jamus na kira Inna da yamma. Bayan mun gaisa, ta tambayi masauki da abinci, sai ta ce ya gari. Na ce mata an ce bazara ta kusa shigowa. Ta yi ɗan shiru, sannan ta ce, "Oh, ga azumi ga bazara. To ka riƙa cika cikinka da ruwa da sahur, kuma ban da yawo a rana." Ina tsaye ne a bakin taga, rigar sanyi biyu a jikina, safa biyu a ƙafata, kuma da safiyar ranar na ga wani maƙwabcinmu yana kankare ƙanƙara daga gilashin motarsa da ɗan farantin roba. Na ce mata to, in sha Allahu.

Ba laifinta ba ne, laifin kalmar ne. Jamusawa suna kiran lokacin Frühling, mu kuma da yake ya faɗo a Maris da Afrilu da Mayu sai muka ce masa bazara. Amma bazarar da na sani a Funtuwa ita ce ta kwanan tsakar gida, rijiya ta ja baya, mangwaro ya karya kasuwa, tsofaffi suna ta duban gabas ko hadari zai haɗu. Mu a bazara gudun rana muke yi. Su kuwa wata huɗu suka yi a ƙunshe, rana na faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar, don haka da ta leƙo sai ka ga dattijo da furfurarsa ya tsaya cak a gefen titi, ya rufe ido, ya miƙa mata fuska kamar ƙadangare a kan katanga. Ganina na farko na ɗauka ba shi da lafiya ne.

A makon ƙarshe na Fabrairun 2025 na sauka a Farankfot, bayan tafiyar awa shida da 'yan kai daga Abuja. Jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya ajiye ni a Siegburg cikin minti 40, daga nan na hau ƙaramin jirgin cikin gari mai lamba 66 zuwa Beuel, unguwar da ke gabashin kogin Rayin, tana fuskantar tsakiyar birnin Bon. Ni malamin aikin gona ne, gurbin ƙaro karatu na samu, da sharaɗin in fara koyon harshe kafin a buɗe jami'a a Oktoba. Kilishin da ƙanwata ta sayo mini a gida na baro shi, don an hana shiga Tarayyar Turai da nama. Kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa dai sun raka ni.

Bon ba wani ƙaton gari ba ne, mutanensa sun ɗan haura 300,000. Amma shi ne ya riƙe Jamus ta Yamma daga 1949 har aka haɗe ƙasar a 1990, gwamnati ba ta ƙarasa ƙaura zuwa Barlin ba sai 1999. Yanzu ya koma kamar tsohon hakimin da ya yi murabus, yana nan tsaf da shi, ba ya gaggawar komai.

Duk wanda ya fara ganin mutanen nan a makon da na gan su zai yi musu mummunar fahimta. Na faɗo ne a tsakiyar bikinsu na Karneval. Ranar Litinin 3 ga Maris, wadda suke kira Rosenmontag, muna azumi na uku, na fita sayen burodi na tarar gari ya haukace: wannan ya yi shigar ƙudan zuma, wancan ta likita, wata tsohuwa ta saniya har da ƙaho. Manyan motoci suna wucewa ana watso alewa daga sama, jama'a na ta ihun "Kamelle!" Wani mutum da ban taɓa gani ba ya rungume ni yana cewa "Alaaf", ya cusa mini jaka a hannu. Kalmar da na fara ɗaga murya na faɗa a titin Jamus ke nan, Kamelle, kuma babu ita a littafinmu na aji. Na koma ɗaki da alewa cike da jaka na ajiye don shan ruwa. Sai daga baya wani Baturke ya ce in riƙa duba bayan leda, don irin mai danƙon nan da yawanta da sinadarin alade ake yi. Kamfanin alewa na Haribo ma ɗan garin ne, tun 1920, sunan wanda ya kafa shi ne da na garin aka gutsuro aka haɗa: Hans Riegel, Bonn. Na kwanta ina cewa ashe ƙarya ake yi musu, ga mutane masu fara'a. Ranar Laraba aka tashi kowa ya ɗaure fuska ya mayar da baƙar rigarsa, kamar ba su ba.

Abin da ya fi sanyi damuna shi ne rashin gaisuwa. Ka haɗu da mutum a matattakalar bene, ya ce "Morgen", kafin ka buɗe baki ya kai ƙofa. Ba ina kwana, ba ya iyali, ba ina gajiya. Kwana nawa sai in lissafa in ga ban yi magana da kowa ba in ba a aji ba, ko da mai karɓar kuɗi a kanti, wadda ita ma tambayarta ɗaya ce, da kati ko da tsaba. Ka je koyon harshe a garin masu harshe, ka rasa wanda za ka yi shi da shi.

Aji muke shiga daga tara na safe zuwa ɗaya saura, Litinin zuwa Juma'a. Mu goma sha huɗu ne: 'yan Siriya biyu, 'yan Yukiren uku, wani ɗan Burazil mai surutu, wata ma'aikaciyar jinya daga Biyetnam da ta fi mu duka ƙwazo, da sauransu. Ranar da aka fara der, die, das na yi murna da wuri. Malama ta rubuta die Sonne, der Mond: rana mace, wata namiji. Na ce ai wannan Hausa ce. Ɗan Siriya ya gyaɗa kai, a Larabci ma haka ne, muka bar ɗan Burazil yana kame-kame don su a wurinsu akasin haka ne. Tebur namiji, ƙofa mace, duk na ci. Sai aka zo kan kayan cin abinci: cokali namiji, cokali mai yatsu mace, wuƙa kuma ba namiji ba mace. Yarinya ma, das Mädchen, a wannan rukuni na uku aka jefa ta. Na ɗaga hannu na tambayi dalili. Malama ta yi bayanin ɗafin da ke ƙarshen kalmar, amma game da wuƙa da cokali sai ta ce a haddace kawai. Mu da muka saba in kalma ta ƙare da "a" galibi mace ce, nan babu wannan sauƙin.

Lissafi ma a juye yake. Ashirin da ɗaya sai su ce einundzwanzig, ɗaya da ashirin. Wanda ya yi Islamiyya ba zai sha mamaki ba, wahid wa ishrun ne, amma sani daban, kunne ya kama a gaban mai burodi da layi a bayanka daban. Na daɗe ina miƙa takardar Yuro 10 a kan abin da bai kai uku ba, don kar a ce in ƙirga. Aljihuna ya cika da silalla har wando na zamewa. Agogo kuwa shi ya ci ni da yaji. Abokina ɗan Siriya ya gayyace ni gidansu a tsakiyar azumi, ya ce in zo "halb sieben". Na ji rabi, na ji bakwai, na ce bakwai da rabi ke nan, wato bayan an yi magariba. Ashe shida da rabi ne, rabin hanyar zuwa bakwai, shan ruwa ya gayyace ni. Na isa an kwashe kwanuka, mahaifiyarsa ta sake ɗora tukunya saboda ni, kunya kamar in nutse.

Akwai abin da na yaba a harshen, ko da yake shi ya fi ba ni wuya. Sau da yawa gundarin magana a ƙarshen jimla yake. Malamarmu ba ta minti arba'in ba ta miƙe ta nufi taga ba, sanyi ko ba sanyi, don su shan iskar ɗaki kusan farilla ne. In ta ce "Ich mache das Fenster", ba ka san buɗewa za ta yi ko rufewa ba sai ka ji ƙarshe: auf ko zu. Harshen da ke tilasta maka ka jira mutum ya kai aya kafin ka ba shi amsa, ina ganin da za a kai shi wasu tarurrukanmu na unguwa da an huta. Batun Sie da du, wato kiran mutum na girmamawa da na sabo, kuma bai zame mini baƙo ba. Kalmar girmamawarsu, Sie, ita ce dai "su". Mu ma ai ba ka ce wa surukinka "ka wuni lafiya", sai "kun wuni lafiya", kuma in yaro ya ce "sun fita" kowa ya san mutum ɗaya yake nufi.

Wata kalma da ba a aji na koye ta ba ita ce Termin, wato lokacin ganawa da aka tsayar tun kafin ranar. Doka ta ce in ka tare a gida ka yi rajista da hukumar gari cikin mako biyu, kuma ba ka tashi ka je haka kawai, sai da Termin, riƙe da takardar mai gida mai suna Wohnungsgeberbestätigung, harafi 24 a kalma ɗaya. Likita Termin, banki Termin, aski Termin. Ziyarar aboki ma sai an duba kalanda.

A hawan da ke ƙasa da nawa akwai wata tsohuwa, ta doshi tamanin, ita kaɗai take zaune tun rasuwar mijinta. A raina na raɗa mata suna Gwaggo, don tana da irin kallon nan na gwaggon da ta san ka yi laifi tun kafin ka yi. Hulɗarmu da takarda ta fara. Wata safiya na tarar da 'yar wasiƙa a manne a ƙofata. Ban gane komai ba sai "4 Uhr" da wata kalma da aka ja wa layi biyu, Ruhezeit. Na kai wa malama, ita kuma, Allah ya shirye ta, ta mayar da ita darasin ranar. Aka karanta a gaban kowa: wai ƙarfe huɗun dare ana jin tafiyata da ƙarar tukwane, alhali daga goman dare zuwa shidan safe lokacin shiru ne. Sahur ɗina ne ya hana baiwar Allah barci.

Da daddare na zauna da ƙamus na rubuta amsa, jimla shida, na ba da haƙuri, na bayyana azumi, na ce saura kwana goma sha biyu. Na zura ta ƙarƙashin ƙofarta. Washegari takardata ta dawo, an bi ta da jan biro: an gyara der uku, an ɗauko aikatau daga tsakiya da kibiya an kai shi ƙarshe, a ƙasa an rubuta "Schon ganz gut", wato ba laifi. Kusa da takardar ga silifas na ulu irin na zaman ɗaki, sun ɗan yi mini yawa. Ashe malamar firamare ce da ta yi ritaya, silifas ɗin kuma na marigayi mijinta ne. Na rasa ko faɗa aka yi mini ko kyauta. Na dai sa su, kuma na koma dafa abincin sahur tun da yamma.

Sallah ta zo ranar Lahadi 30 ga Maris, rana ɗaya da gida, kuma a daren ne aka tura agogo gaba da awa ɗaya, kamar yadda ake yi duk Lahadin ƙarshe ta Maris. Kafin ranar lokacinmu ɗaya da Najeriya. Malama ta faɗa tun Juma'a, ni kuma kalmar vorstellen da ta yi amfani da ita na san ta ne da ma'anar gabatar da kai, don haka na bar zancen ya wuce. Da asuba na ga waya ta saɓa da agogon hannuna, na ce wayar ce ta rikice. Na yi wanka a tsanake, na ɗora babbar riga a kan rigar sanyi, na kafa hula, na haye gadar Kennedy da ƙafa ina kabbara a hankali. Ina isa masallacin Turkawa na tarar ana fitowa, ana rungume-rungume ana raba alewa. Na tsaya riƙe da darduma ina salati. Sai na ji daga bayana an ce, "Malam, barka da Sallah. Ka makara ko?" Wata guda rabona da jin Hausa ba ta waya ba. Mutumin zangon Kumasi ne, ya fi shekara ashirin a nan, hulata ce ta tona ni. Ya sa ni a motarsa zuwa wani masallacin da suke yin tasu a makare, daga nan gidansa, inda matarsa ta tuƙa tuwon semo, aka ci da miyar kuka har da man shanu. Babu hawa, babu kiɗa, kantuna duka a rufe don Lahadi ce, amma na ci na yi hamdala.

Da zan tafi aka zuba mini shinkafa da kaza a roba. Na juye rabi a faranti na ƙwanƙwasa wa Gwaggo. Ta buɗe, ta dubi faranti, ta dube ni, ta ce "Warum?", don me. Na haɗa 'yan kalmomina na ce yau biki ne, a garinmu maƙwabci ba ya kwana bai ci abincin Sallah ba. Ta karɓa. Bayan kwana biyu farantin ya dawo da yankan kek ɗin tuffa, kuma a bakin ƙofar ta koya mini yadda su kansu suke tuna batun agogo: da bazara ana fitar da kujerun lambu gaban gida, vor, da kaka a mayar da su, zurück.

Daga nan gari ya fara canzawa da saurin da ban taɓa ganin irinsa ba sai a makon farko na damina. Itatuwan da na ɗauka matattu ne, har ina mamakin me ya hana a sare su a yi makamashi, suka fashe da toho. Tsuntsaye suka fara tashina kafin agogo. Masu gidajen shayi suka fito da kujeru waje, kowace da bargo a kai. A farkon Afrilu furannin nan da Bon ta yi suna da su suka buɗe a Heerstraße da Breite Straße, cikin tsohuwar unguwa. Itatuwan ceri ne irin na Japan da aka dasa a shekarun 1980, rassansu sun haɗe a sama sun yi wa titi rumfa ruwan hoda. Mutane daga ko'ina, har da amare da masu ɗaukar hoto, ba wurin sa ƙafa. Na tambayi wani yaushe 'ya'yan ke nuna, ya ce ai ba sa 'ya'ya, na ado ne. Na tuna Baba, Allah ya jiƙansa, wanda ya sare wani mangwaro a gidanmu don ya yi shekara uku yana fure ba ya ɗaurewa. Ni dai sau huɗu na koma titin. Ko mako biyu ba su cika ba suka zube, aka bi su da tsintsiya.

Ni kuma na kama atishawa ba ƙaƙƙautawa, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi. Na shiga kantin magani na tsara jimlata tun daga waje, amma da na isa gaban matar sai ta watse, na ce mata hancina ba shi da lafiya kuma idona yana kuka. Ta buɗe baki za ta juya zuwa Turanci, kamar yadda kusan kowa ke yi da zarar ya ji ka yi tuntuɓe. Na yi ta maza na roƙe ta ta yi mini Jamusanci don koyo nake, na ce, "Bitte auf Deutsch, ich lerne noch." Ta yi murmushi, ta rage gudu, ta nuna wani farin itace ta gilashi, ta ce Birke, garin furensa ne ke yawo a iska. Ta rubuta mini sunan ciwon a bayan rasit, ta raba shi biyu da biro: Heu, busasshiyar ciyawa, Schnupfen, mura. Murar harawa ke nan. A wurin nan dogayen kalmomin suka daina ba ni tsoro, don na ga ashe ɗinki ne. Safar hannu Handschuh, takalmin hannu. Asibiti Krankenhaus, gidan marasa lafiya. Mu da muka ce jirgin sama da gidan waya da ɗan sanda, me za a nuna mana?

Malama ta koya mana karin maganarsu cewa Afrilu abin da ya ga dama yake yi, ta ce kar mu rabu da laima. A shekarar dai laimar ba ta yi wani aiki ba. Ruwa ya yi ƙaranci tun Maris, Rayin ya ja baya har duwatsun gefe suka fito, jiragen dakon kaya suna wucewa ba su cika lodi ba. Da katin wata, na Yuro 58 a 2025, wanda ke hawa da kai duk motocin haya da ƙananan jiragen ƙasa na faɗin ƙasar, na je Kolon, tafiyar rabin awa, na hau matattakala 533 na hasumiyar babban cocinsu da aka fara ginawa a 1248 ba a gama ba sai 1880. A tasha kuma lasifika ta koya mini Verspätung, wato latti. Duk wanda ya ce maka jirgin ƙasa ba ya makara a Jamus, ji ya yi.

Wata Lahadi na bi bakin kogi da ƙafa har tsohuwar unguwar gwamnati, na tsaya a gaban dogon farin ginin Deutsche Welle. Daga nan ne muryoyin da Baba ke kamawa da ƙarfe biyun rana suke fitowa, ya jingina rediyo da buta a zaure, kowa ya yi tsit. Tun 1963 suke Hausa, da farko daga Kolon, daga baya suka dawo nan. Na ɗauki hoto na tura wa yayana. Ban shiga ba, ba ni da Termin.

A ƙarshen Afrilu na haɗu da Gwaggo a ƙofar gida tana fama da buhun ƙasar shuka. Na ce "Wie geht es Ihnen?" Mu ko a gadon asibiti aka tambaye ka lafiya lau za ka ce. Ita kuwa ta ajiye buhu ta ba ni labarin gwiwarta tun daga farko, da likitan da ya duba, da wanda za ta gani a Yuni. Na gane kusan rabi. Na ɗauki buhun na bi ta, ashe lambu gare ta.

Irin lambunan nan ne da ke jere a gefen gari, Schrebergarten, kowa da ɗan filinsa da 'yar bukka. Har doka gare su: fili kada ya wuce murabba'in mita 400, bukka 24, kuma sai an noma abin ci a kashi ɗaya cikin uku. Nan na tarar da duk surutun da na rasa a matattakalar bene. Tsofaffi a jingine da shinge, ana gardamar taki, ana gulmar wanda bai aske shingensa ba, ana kukan rashin ruwa da irin muryar da ake yinsa a Dandume. Da na karɓi fartanya na ja kunya biyu, wani tsoho mai ƙaton ciki ya leƙo ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi inda na koya. Na ce a gonar ubana, tun ina shekara bakwai. Daga ranar na zama mai ba da shawara a kan ƙwarin da ke cin wake. Jamusancinsu ba irin na aji ba ne, na gargajiyar Rayin ne, suna haɗiye rabin kalma. In an yi maganar fari sai tsohon ya ɗaga kafaɗa ya ce "Et kütt wie et kütt", abin da zai zo zai zo. Na ce masa mu ma muna da irinta, sai dai mu mukan ambaci Mai kawowa.

Duk Asabar nake zuwa. Gwaggo na zaune a kujera, gwiwa a miƙe, tana nuni da sanda: die Hacke, die Gießkanne, die Schubkarre, fartanya da butar ban ruwa da baro. Abin da hannuna ya riƙe ban taɓa manta jinsinsa ba. "Junger Mann" take kirana, saurayi, ni da 'ya'ya uku. Ita ta fara ciyar da ni Spargel, farin tsiron nan da suke haukacewa a kansa daga Afrilu zuwa 24 ga Yuni, ranar da ake daina yanka. A cikin kunya ake binne shi a lulluɓe da leda don kar ya ga rana, shi ya sa yake fari, kuma galibi 'yan ci-rani daga Romaniya da Folan ke haƙo shi da hannu. Na Bornheim ta saya, nan kusa da Bon, ta dafa da dankali da narkakken man shanu, ta zuba mini ido. Noman ya burge ni. Ɗanɗanon kuwa, gaskiya, ruwa ne da aka ba siffa. Mako na gaba na zo da yaji a aljihu, ta ɗanɗana a kan yatsa, ta sha ruwa kofi biyu.

Safiyar 1 ga Mayu na fito na ga an jingina itatuwan Birke, masu sa ni atishawar nan, a jikin gidaje, an ɗaure musu ƙyallayen takarda kala-kala da allo mai siffar zuciya ɗauke da sunan mace. Samari ne ke kai wa 'yan matansu cikin dare. Gwaggo ta ce nata mijin sau biyu ya kawo, na farkon a ƙofar maƙwabta ya ajiye saboda duhu.

Tumatir ɗinta kuwa sun yi tsawo a tukwane a bakin taga, na ce mu dasa, rana ta yi kyau. Ta ce a'a, sai Eisheiligen sun wuce, wasu kwanaki daga 11 zuwa 15 ga Mayu da manoma ke tsoron sanyi ya dawo ya ƙone shuka. Ban yi musu ba. Na san manomin da ya ruɗu da ruwan farko ya zuba iri, ya dawo yana sayen wani.

Ranar Asabar 17 ga wata muka fitar da su. Lokacin magariba ta wuce ƙarfe tara, ina ta fama da barci tsakanin isha'i da asuba. Ina durƙushe ina haƙa rami na shida waya ta yi ƙara, Inna ce. Ta ce an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya daren jiya, ƙannena duk suna gona. Ta ce, "Ku fa, zafin ya yi sauƙi?" Na ce ya yi sauƙi, Inna. Da na ajiye, Gwaggo ta ɗaga gira. Na tsaya na jera jimlar a kaina, na kai aikatau inda ya kamata, na gaya mata mahaifiyata ta ce an yi ruwa a gida, yau ana shuka die Mais da der Hirse, masara da gero.

"Der Mais," in ji ta. "Die Hirse." Ta nuna ramin da sanda ta ce bai yi zurfi ba.